Kare na ta susa? Fara da farar takarda

Jama'a, masu kiwon karnuka, kafin ku kashe kuɗi a maganin ƙazuwa, ku gwada wannan, ku ga ko ƙuma ce ke sa karen susa.

Ku jiƙa farin tishu, ku shimfiɗa. Ku taje gashin karen a kai, musamman gadon baya wajen gindin wutsiya, don nan ƙuma ta fi taruwa. Za ku ga baƙaƙen ɗigo kamar barbashin ƙasa suna zubowa. Ku ɗan jira.

Idan suka narke suka yi ja-ja, kashin ƙuma ne. Jini take sha, shi take kasayarwa a bushe, ruwa na taɓa shi sai launin ya fito. Ƙasa kuwa ba ta canza launi.

Amma fa rashin ganin ja bai wanke ƙuma ba. In an yi masa wanka kwanan nan, ko mai yawan lasar jiki ne, ba lallai ku samu komai ba. Wani karen ma cizo kaɗan ya isa ya tayar masa da ƙaiƙayi.

Ƙwayar ƙazuwa kuma ido ba ya ganinta. Sai likitan dabbobi ya kankaro fata ya duba a madubin likita. In za ku kai shi, kada ku shafa masa komai tukuna.