Yadda Ake Karanta Hasashen Guguwar Rana Kafin Ta Iso Duniya

Da misalin ƙarfe 2:44 na daren 13 ga Maris 1989, wutar lantarki ta ɗauke a lardin Kwibek na ƙasar Kanada. Cikin kimanin daƙiƙa 90 layukan kamfanin Hydro-Québec suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, mutane wajen miliyan 6 suka shafe awa 9 cikin duhu da sanyi. Musabbabin abin kuwa wani curin iska mai tsananin zafi ne da rana ta amayo kwanaki kaɗan kafin wannan dare. A yau ana hasashen irin wannan guguwa kamar yadda ake hasashen ruwan sama, kuma duk mai waya da intanet zai iya duba hasashen kyauta, muddin ya san abin da haruffa da lambobin suke nufi.

Wurin da ya fi dacewa a fara dubawa shi ne shafin cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta hukumar NOAA, wadda ke birnin Bolda a jihar Kolorado ta Amurka. A nahiyarmu akwai cibiyar hukumar SANSA a garin Hamanus na Afirka ta Kudu, wadda take aiki dare da rana tun 2022. Dukansu da agogon GMT suke rubuta lokaci, saboda haka mai karatu a Najeriya ko Nijar sai ya ƙara awa ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar duk abin da rana ta yi a matsayin abu guda. Abubuwa uku ne daban, kowanne da gudunsa da irin ɓarnarsa, kuma cibiyar NOAA ta ba kowanne harafinsa da mataki daga 1 zuwa 5.

Na farko shi ne walƙiyar rana, wato fashewar haske mai ƙarfi daga wajen baƙaƙen tabon da ke fuskar rana. Haskenta yana ratsa tazarar kilomita miliyan 150 cikin minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi, don haka babu gargaɗi a kanta: lokacin da aka gan ta, ta riga ta iso. Ana jera ƙarfinta da haruffan A, B, C, M da X, kowane harafi ya ninka wanda ya gabace shi sau goma. Idan ka ga M ko X, to ka duba ma'aunin R, domin shi ne yake nuna yadda rediyon gajeren zango zai dusashe a ɓangaren duniyar da rana ke haskawa a lokacin. Wanda ya saba kama tashoshin Hausa na ƙetare a gajeren zango da rana zai iya jin tashar ta ɓace ɗif na wasu mintoci ko awa guda, sannan ta dawo da kanta, ba tare da batir ko eriya sun yi laifin komai ba.

Na biyu, wanda ake aunawa da harafin S, ruwan ƙananan ƙwayoyi ne masu ƙarfin gaske da kan iso cikin mintoci ko 'yan awoyi. Damuwarsu ta fi shafar 'yan sama jannati, da kwamfutocin cikin taurarin ɗan adam, da jiragen saman da ke bi ta ƙuryar arewacin duniya.

Na uku, wanda ake aunawa da harafin G, shi ne wanda ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne ya kashe wutar Kwibek. Wani lokaci rana takan tofo curin iska mai ɗauke da caji da nasa maganaɗisun, wanda masana ke taƙaita sunansa da CME. Yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu a hanya, ko da yake wanda ya biyo bayan walƙiyar da Richard Carrington ya gani a Ingila ranar 1 ga Satumba 1859 ya iso cikin ƙasa da awa 18, har wayoyin tangarahu suka riƙa tartsatsi a hannun ma'aikata. Idan labarin babbar walƙiya ya fito, tambayar da za ka nema amsarta a hasashen ita ce ko an ga curin ya fito tare da ita, kuma ko duniya ya nufo. Sau da yawa walƙiyar X takan tashi a gefen rana, curinta ya wuce can wani sashe na sarari, jaridu su yi ta kururuwa, a ƙarshe ba a ga komai ba.

Ko da curin ya nufo mu, ƙarfin guguwar ba ya tabbata sai ya kusa. Akwai taurarin ɗan adam irin su ACE da aka ajiye a tazarar kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, kuma su ne ke fara ɗanɗana iskar, su ba da gargaɗin minti 15 zuwa awa ɗaya. A jadawalin da suke aikowa, ka duba gudun iskar, wanda a ranakun lafiya yake tsakanin kilomita 300 zuwa 500 a daƙiƙa guda, sannan ka duba layin da aka rubuta Bz. A ganina wannan layi ya fi duk sauran lambobin shafin muhimmanci. Idan yana sama da sifili, maganaɗisun curin yana fuskantar arewa kamar na duniya, sai garkuwar duniya ta ture mafi yawansa. Idan ya nutse ƙasa da sifili, ya kai 10 ko 20 ta ɓangaren ragi, kuma ya zauna a can na awoyi, to ƙofa ta buɗe, ƙarfin yana kwarara ciki. Daga nan ne lambar Kp, mai auna girgizar maganaɗisun duniya daga 0 zuwa 9, take hawa. Kp 5 shi ne G1, ƙaramar guguwa, Kp 9 kuwa shi ne G5, irin wadda aka gani ranakun 10 da 11 ga Mayu 2024, karo na farko tun Oktoban 2003.

Kada a raina ƙananan matakan idan ana maganar taurarin ɗan adam. Guguwa tana ɗumama iskar can sama ta kumbura, sai taurarin da ke kewayawa kusa da duniya su riƙa jin tirjiya suna rasa tsayi. Ranar 3 ga Fabrairu 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49 zuwa tsayin kimanin kilomita 210, ƙaramar guguwa ta same su a can, kusan 40 daga cikinsu suka dawo suka ƙone a iska. Waɗanda ke nesa, irin masu kawo tashoshin talabijin daga tsayin kusan kilomita 36,000, matsalarsu caji ne da ke taruwa a jikinsu har ya yi tartsatsi a cikin na'ura, kamar yadda ya faru da Anik E1 da Anik E2 na Kanada a Janairun 1994. Masu kula da taurarin ɗan adam kan jinkirta harbi, su kashe sassa masu laushi, ko su juya tauraron ya ba iska gefensa. Ɗaukewar hoton dish na 'yan mintoci a lokaci ɗaya kullum cikin Maris da Satumba ko Oktoba wani abu ne daban: rana ce kawai take tsayawa daidai bayan tauraron, hayaniyarta ta danne siginar.

A ɓangaren lantarki, girgizar maganaɗisun duniya tana haifar da wata wuta mai tafiya a hankali cikin ƙasa, wadda take shiga manyan taransifoma ta wayar da aka binne, ta bi dogon layi ta fita ta wani taransifoman can nesa. Ba a ƙera taransifoma don irin wannan wuta ba, shi ya sa ƙarfen cikinsa yake cika da maganaɗisu, ya yi zafi, ya yi gurnani, ya hargitsa ƙarfin wutar har na'urorin kariya su yanke layi. Haɗarin ya fi yawa inda layuka ke da tsawon ɗaruruwan kilomita, kuma ƙasa take da dutse mai ƙin wucewar wuta, kamar a Kwibek. An daɗe ana ɗaukar abin matsalar ƙasashen sanyi, sai guguwar Oktoban 2003, wadda ta ɗauke wuta a birnin Malmo na Suwidin, ta bar lahani a wasu manyan taransifoma a Afirka ta Kudu. Injiniyan da ya ga gargaɗin G4 ko G5 yakan rage lodi, ya dakatar da gyaran da zai sa a cire wani layi, ya sa ido kan zafin taransifoma. A Mayun 2024 kamfanin Transpower na Niyuzilan ya cire wasu layuka da gangan har guguwar ta wuce. Mai gida kuwa ba ya buƙatar cire firji ko kwance faifan sola, domin wayoyin gida sun yi gajarta ƙwarai, kuma ɗaukewar wuta ta yau da kullum a unguwa tana da nata dalilan na nan ƙasa.

Abin da ya fi taɓa mu a nan shi ne GPS. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa Najeriya, kuma a wannan yanki iskar can sama mai ɗauke da caji takan yi kumfa-kumfa bayan faɗuwar rana, siginar tauraro ta riƙa rawa tana yankewa, ko da babu wata guguwa. Abin ya fi tsanani daga bayan Magariba zuwa tsakar dare, musamman wajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, da shekarun da tabon rana ya yawaita a zagayensa na kimanin shekara 11. Zagayen da muke ciki ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 aka sanar ya kai ganiyarsa. Mai neman hanya da taswirar waya zai ga kuskuren 'yan mitoci ne kawai, amma safiyo mai kafa iyakar fili, ko mai tuƙa jirgi marar matuƙi a gona, ya yi aikin da ke buƙatar daidaito da safe, ya rubuta ranar da lambar Kp a littafin aikinsa, kuma idan awon ya faɗo a ranar G3 ko sama da haka, ya koma ya maimaita shi bayan kwana biyu ko uku kafin a binne dutsen iyaka.