Yadda ake zaɓen iyayen kifi: a duba hali, ba ƙiba kawai ba

Masu kiwon tarwaɗa da yawa nan Maraɗi in za su ajiye iyaye sai kawai su kamo wanda ya fi kowa girma cikin basan, shi ke nan. To a yi hattara, wani ƙaton ba abincinka ya gina shi ba, 'yan'uwanshi ya cinye.

Kuma hali a kifi ana gadonshi. A tabkin Malawi akwai ɗaruruwan jinsunan dangin gargaza, wani namijin rami yake ginawa cikin rairayi don ya jawo mace, wani kuma tudu yake tarawa, da masu bincike suka haɗa jinsunan biyu sai ɗiyan suka zo suna gina ramin tukuna sannan su tara tudun, babu wanda ya koya musu, cikin ƙwayoyin gado abin yake.

Saboda haka tun suna ƙanana ka riƙa tace su, manya gefe ƙanana gefe, don yunwa da cunkoso da bambancin girma su ke ƙara cin juna. Waɗanda suka yi wa tsaransu fintinkau cikin 'yan makonni ka ware su, ni dai ba zan ajiye su a iyaye ba. Lokacin ba da abinci ka tsaya ka kalla, kar ka watsa ka tafi shan shayi. Wanda ke fitowa ya ci ba firgita, ba cizo, girmanshi na tafiya a hankali, shi kake nema. Ka bari ya shekara, ya kai kamar kilo 1.

Sai maganar jini. Kar ka haɗa wa da ƙanwa, in aka daɗe ana haka ɗiyan sai su zo da karkataccen baya, ga rashin girma. Nemo namiji daga wata gona, ko wurin masuntan tabkin Madarunfa, amma na daji ka ajiye shi daban tukuna saboda cuta.

Zaɓe na aiki fa. Akwai wata gargazar kiwo da aka inganta ana ce mata GIFT, a ƙasar Filifin aka fara ta a 1988, da iri daga Masar, Gana, Kenya da Senegal haɗe da na gonakin Asiya, ana zaɓen masu saurin girma zuriya bayan zuriya, ba a sa mata ƙwayar gadon wata dabba ba. Kai ma sayi kaye ka riƙa rubuta wace mace ka haɗa da wane namiji, da ranar ƙyanƙyasa.