Tukunyar mako guda a Ingila: tsara abincin rana da na dare ga sababbin zuwa

Bayan kuɗin haya, babu abin da ke saurin jigata gidan sabon zuwa a Ingila kamar tukunya. A gida kullum ake cefane: maigida ya ajiye kuɗi da safe, a aiki yaro bakin titi ya sayo tumatir da attarugu, a kai markaɗe inji, gishiri ya yanke a leƙa maƙwabta. A nan babu yaron aike, babu mai tallar kayan miya. Galibi kuma miji da mata duk fita suke yi, ɗaya makaranta, ɗaya aikin kula da tsofaffi na awa 12. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, mutum ya dawo cikin duhu da sanyi, yara na kukan yunwa, sai a ɗauki waya a yi odar soyayyar kaza da dankali da kuɗin da ya isa cefanen kwanaki.

Shawarata ta farko, 'yan uwa, kada ku fara da tambayar "me muke marmari?" Ku fara da jadawalin aiki. Ran Alhamis da dare ku zauna ku biyu, kowa ya fito da ranakun aikinsa da na darasinsa, a ga wace rana ce akwai babba a gida da yamma. Waɗannan su ne ranakun ɗora sanwa. Sauran na ɗumame ne, kuma abincinsu dole ya zama an dafa shi tun kafin su zo. A mafi yawan gidaje ranakun girki sosai ba su wuce uku ba. A rubuta a takarda, a manna a ƙofar firji, yadda duk wanda ya riga dawowa zai san abin da zai fitar. Maigida, da kai nake musamman. Idan uwargida tana aikin dare, dafa taliya da ɗumama miya ba abin da za a jira ta ba ne. Gidan da girki ya rataya a wuyan mutum ɗaya a ƙasar nan, ba a daɗewa ake fara jin kansu.

Cefane kashi biyu ne. Na wata-wata ana yin sa a shagunan 'yan Pakistan da Indiya da na 'yan Afirka, irin na Cheetham Hill a Mancesta, Alum Rock da Small Heath a Birmingham, ko Peckham a Landan. Can ake samun buhun shinkafa mai kilo 10, wake, manja, garin kuka, daddawa da attarugu. Gero da dawa ma suna nan, sai dai da sunan Indiya: gero shi ne bajra, dawa kuma jowar, kuma har garinsu ake sayarwa. Naman halal ma a can ya fi araha. A sa mahauci ya yanka, a zo gida a kasa shi a leda daidai miya ɗaya-ɗaya kafin a sa a firiza, don idan ya daskare a dunƙule sai an narkar da shi duka. Kazar manyan kantuna laushi gare ta, tana ragargajewa a miya. Mai son irin ta gida ya ce wa mahauci "hard chicken" yake so. A manyan kantuna kuwa kada a ɗauki nama sai an ga tambarin halal a jikinsa. Kilishi, dambun nama da man shanu, doka ta hana shigo da su Birtaniya daga Najeriya ko Nijar, don haka kada a ɗora wa mai zuwa wannan saƙo.

Na mako-mako kuma manyan kantuna irin su Aldi ko Lidl sun wadatar: tumatirin gwangwani, albasa, tattasai, dankali, ƙwai, madara, burodi, kifi, da alayyahu daskararre. A lura da Lahadi. Dokar 1994 ta taƙaita wa manyan kantuna a Ingila da Wales awa 6 kacal a ranar, shi ya sa da yawa ke rufewa ƙarfe 4 na yamma. Gara a yi cefane Asabar, a bar Lahadi ga girki. Da yamma kantuna kan manna wa kayan da kwanansu ya ƙarato takarda mai ruwan ɗorawa, su rage kuɗi. Burodi da kifi irin wannan a saya a jefa firiza a ranar. Rubutun "use by" iyaka ce ta lafiya, ba a ƙetare ta. "Best before" kuwa maganar ɗanɗano ce kawai.

Ƙashin bayan mako duka shi ne markaɗe. Ran Lahadi a niƙa gwangwanin tumatir huɗu ko biyar da tattasai da albasa da attarugu, a zuba a babbar tukunya, a bar shi ya tafasa har ruwan ya tsane, tsamin ya fita, sannan a soya. Tun da wuta na kunne, a tafasa nama a gefe, a ajiye romonsa daban, a dafa wake mai yawa a wata tukunyar. A raba markaɗen a robobi, na kwana biyu a firji, saura a firiza, kowace roba da kwanan wata a murfinta. Daga wannan aiki na yini ɗaya miyar dage-dage za ta fito, dafa-duka za ta fito, faten dankali da miyar taushe duk za su fito, kowanne cikin abin da bai kai rabin awa ba. Idan za a soya manja a buɗe taga, a rage wuta, don na'urar gano hayaƙi da ke rufin ɗaki ba ta da kawaici, kuma a gidan haya na tarayya kowa za ta tayar.

Ga yadda mako kan kasance a gida mai yara biyu. Lahadi da dare tuwo da miyar taushe, da kabewar da suke kira butternut da markaɗaɗɗiyar gyada ta kwalba marar sukari. Litinin shinkafa da miyar dage-dage, a ɗebi na ranar Talata tun kafin a zuba wa kowa, in ba haka ba babu abin da zai rage. Talata da dare taliya da kifin gwangwani, abincin da maigida ko babban yaro zai iya. Laraba faten wake da alayyahu daga waken da aka dafa ran Lahadi aka ajiye a firiza. Alhamis, idan akwai mutum a gida, tuwo da miyar kuka ko kuɓewa. Tuwon shinkafa yana tuƙuwa da gajeriyar shinkafar da ake kira pudding rice, na semo kuma ya fi sauri. Juma'a dafa-duka da kaza a gasa a tanda. Asabar kada a rubuta komai, a kwashe abin da ya rage a firji, ko a yi ɗanwake ko waina idan akwai nishaɗi, don ranar ce baƙi ke zuwa. Abincin rana na manya, a duk ranakun aiki, ragowar daren jiya ne a roba. Wuraren aiki da jami'o'i da yawa suna da na'urar ɗumama abinci. Ni dai miyar daddawa a gida nake barin ta, in tafi da shinkafa ko taliya.

Shinkafa tana buƙatar kulawa ta daban, kuma nan ne al'adarmu ta barin tukunya a kan murhu har safe ke da haɗari, balle gidajen nan da ake ɗumamawa. Akwai ƙwayar cuta a shinkafa da dahuwa ba ta kashewa, tana yaɗuwa idan abinci ya daɗe a ɗumi. Hukumar kula da lafiyar abinci ta ƙasar ta ce a huce ta cikin awa ɗaya, a sa a firji, kada ta wuce kwana ɗaya, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta, har sai ta yi tururi. Tuwon shinkafa ma haka. Sauran dafaffen abinci kwana biyu ne a firji, firjin kuma kada ya haura digiri 5. Malmalar tuwon da ba za a ci gobe ba a naɗe ta a leda, firiza ce wurinta.

Yara 'yan firamare suna rage wa uwa aiki fiye da yadda sababbin zuwa ke zato. Tun 2014, duk yaron da ke ajin share fage da ake kira Reception da aji 1 da aji 2 a makarantar gwamnati a Ingila yana cin abincin rana kyauta, ba ruwansu da irin bizar iyayensa. A Landan, tun Satumbar 2023 magajin gari Sadiq Khan ya faɗaɗa abin ga dukan 'yan firamare. A je ofishin makaranta a faɗa musu yaro Musulmi ne. Inda babu naman halal sai a zaɓa masa na ganye ko kifi. Wanda zai tafi da abincin gida kuma, a kiyayi gyada. Makarantu da yawa sun hana ta saboda akwai yaran da ko kaɗan ta shiga jikinsu sai asibiti, kuma ƙuliƙuli da yajin tsire duk gyada ne. Alale, dafaffen ƙwai, soyayyar doya ko taliya da kaza sun fi dacewa, da tuffa ko lemo ɗaya.

Komai kyan tsari, akwai daren da za a ƙara wa mutum awa a wurin aiki ko bas ya makara. Saboda irin wannan dare a riƙa ajiye kuskus, ƙwai, kifin gwangwani da roba ɗaya ta miya a can ƙasan firiza, wadda ba a lissafa ta cikin abincin mako. Kuskus ruwan zafi kawai yake so da minti 5 a rufe. Idan an taɓa robar, a mayar da wata ran Lahadi.