Zuwa bikin Ingal: yadda mai sana'ar hannu zai dawo da abin da ya fi kallo

Bikin Cure Salée ana yin sa a Ingal, ƙasar Nijar, kimanin kilomita 160 yamma da Agadas, galibi a watan Satumba in damina ta ja baya. Buzaye da Fulani Bororo ne ke haɗuwa da dabbobinsu don lasar gishirin ƙasar. Ranar tana sauyawa kowace shekara, sai ka tabbatar kafin ka ɗaura kaya. Lokacin kuma yakan zo dab da girbin gero a wajenmu, ka bar wanda zai tsaya maka a gona.

Daga Maigatari ko Ɓaɓura a ƙetara zuwa Damagaram, daga nan Tanut, sai Agadas; daga Damagaram zuwa Agadas wajen kilomita 450 ne. Riƙe takardar tafiya da katin rigakafin shawara. Tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki, kada ku yi tafiyar dare, in suka ce ba lafiya ka haƙura. Canza naira zuwa sefa tun a iyaka, ka kuma koyi ƙirgen can: dala ɗaya sefa 5 ce, jaka 1000. In mai dabino ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi. A nan baƙi ke yawan rikicewa.

Ruwa aƙalla lita 5 a rana. Na rijiyoyin yankin wani yana da gishiri, yakan ɓata cikin wanda bai saba ba. In gudawa ta kama ka, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Rawani da tabarma dole ne.

Babban kuskure shi ne mutum ya kwana uku yana bin tseren raƙuma da rawar Bororo da waya a hannu. Kallon na da daɗi, amma ba ya ƙara maka komai a sana'a. Tafi da aikin hannunka, ko guda biyar ne: baduku da jakarsa, masaƙi da gwadonsa. Zaɓi rumfa ɗaya ta maƙeran azurfa ko matan da ke dukanci, ka yi sallama ka zauna. Shayi sau uku ake zubawa, kada ka tashi a kofin farko. Sai an sha kafin ka fito da naka ka ce, "Malam, duba min inda na gaza." Galibinsu suna jin Hausa. Lura da yadda mace ke yanka jar fata siriri, ta ɗora koriya a kai, ta ɗinke bakin ba a ganin zaren. Tambayi da me ta rina, kwana nawa ta jiƙa.

Kada ka ɗauki hoton mace ko aikin wani sai da izini. Da dare rubuta abin da ka koya, ko da ajami, domin kafin ka iso gida rabi ya zube. Sayi samfuri ɗaya tak, ka gwada yin irinsa a makon da ka dawo, tun hannu bai manta ba.