Yadda Ake Tantance Labarin Hatsarin Jirgin Sama Kafin A Yaɗa Shi

Duk wanda ya taɓa raka maniyyaci filin jirgin Garwa, ko yake da ɗa mai fatauci tsakanin Njamena da Duwala, ya san yadda gaba ke faɗuwa idan aka ce jirgi ya faɗi. Cikin sa'a guda labari ya zagaye majalisu da zaurukan WhatsApp, kowa da dalilin da ya ji. Abin da ya kamata mai sauraro ya fara riƙewa shi ne, a kwanakin farko babu wanda ya san sanadin hatsarin, har da masu binciken kansu, don haka duk kafar da ta kawo maka dalili a ranar farko hasashe ta kawo maka.

Ka fara da rarrabe abin da ake iya ƙirgawa da abin da sai an bincika. Sunan kamfani, samfurin jirgi, inda ya tashi, inda ya nufa da adadin mutanen da ke ciki, duka suna rubuce a takardun kamfani, kuma galibi sukan tabbata cikin yini ɗaya ko biyu. Inda jirgin ya faɗi ma yakan rikice da farko. A ranar 5 ga Mayun 2007 jirgin Kenya Airways ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Duwala da tsakar dare ɗauke da mutum 114, ya ɓace jim kaɗan bayan tashinsa. Rahotannin farko da masu aikin ceto duk suka karkata zuwa dazuzzukan kudu, wajen Lolodorf, mai nisan fiye da kilomita 100, alhali tarkacen jirgin na nutse cikin fadamar Mbanga Pongo, kilomita biyar da ɗoriya daga filin jirgin. Idan wurin faɗuwa ya iya shige wa hukuma duhu haka, ina ga dalili?

Wannan hatsarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna yadda labarin farko ke manne wa zukata. An yi ruwa da tsawa a daren, saboda haka kusan kowa ya ɗora wa hadari alhaki, kuma har yau akwai masu faɗin haka. Rahoton ƙarshe na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Kamaru bai fito ba sai a Afrilun 2010, kuma abin da ya nuna daban ne. Jirgin ya riƙa karkata zuwa dama sannu a hankali, matuƙan suna zaton na'urar tuƙi mai sarrafa kanta ta karɓi aiki, alhali ba ta kama ba. Da ƙararrawar gargaɗi ta buga, babban matuƙin, wanda duhu ya hana shi gane sama da ƙasa, ya ƙara karkatar da jirgin maimakon ya daidaita shi. Labarin tsawa ya samu manyan kanun jaridu, rahoton da ya ci shekara uku ana haɗa shi kuwa kaɗan ne suka ji fitowarsa, kuma a ganina wannan ce babbar illar da ke tattare da yadda ake ba da irin waɗannan labarai.

Daga nan sai ka tambayi kanka, wa ya faɗa? Bisa ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, a kundinta mai lamba 13, ƙasar da hatsari ya auku a cikinta ce ke jagorantar bincike, sannan ƙasar da aka yi wa jirgin rajista, da ta kamfanin da ke aiki da shi, da wadda ta ƙera shi, su turo wakilai. Shi ya sa za ka ji sunan hukumar binciken hatsari ta Faransa, BEA, idan jirgin Airbus ne, ko takwararta ta Amurka, NTSB, idan Boeing ne. Maganar waɗannan hukumomi tana da nauyin da maganar "wata majiya" ba ta da shi. Kamfanin jirgin da maƙeransa kuwa kowanne yana da abin da yake karewa. Shi ma ganau, duk da gaskiyarsa, a karɓi zancensa da hattara, domin mutum cikin firgici yakan rantse ya ga wuta a sama, alhali wutar ta tashi ne bayan jirgin ya bugi ƙasa.

Ka kuma lura da wane irin rahoto ake magana a kai. Na wucin gadi, wanda ƙa'ida ta ce a miƙa cikin kwana 30, jerin abubuwan da aka gani ne kawai, ba ya yanke hukunci. Na ƙarshe ana so ya fito cikin shekara guda, amma sau da yawa yakan zarce. Jirgin Air France da ya faɗa tekun Atlantika a Yunin 2009 da mutum 228, sai a 2011 aka tsamo akwatunan naɗar bayanansa, rahoton ƙarshe kuma ya fito a 2012. Akwatunan nan da ake kira baƙaƙe, ruwan lemo ne launinsu, kuma biyu ne: ɗaya na naɗar muryoyin ɗakin matuƙa, ɗaya na naɗar gudu, tsawo da aikin injina. Samun su mafarin aiki ne, don sai an daidaita abin da ke ciki da tarkace da bayanan hasumiyar filin jirgi kafin a fahimci komai. Idan aka fitar da jimla ɗaya daga hirar matuƙa ba tare da abin da ya gabace ta ba, kada ka gina hukunci a kanta.

Akwai lafazin da nake roƙon a yi taka-tsantsan da shi, wato "kuskuren matuƙi". Yana da sauƙin faɗa, kuma wanda ake zargi yawanci ya riga mu gidan gaskiya. Bayan faɗuwar jiragen Boeing 737 MAX biyu, na Lion Air a 2018 da na Ethiopian Airlines a Maris na 2019, an yi ta sukar horon matuƙan, sai ga shi bincike ya nuna wata manhaja mai suna MCAS tana danna hancin jirgin ƙasa bisa bayanin na'urar awo guda ɗaya da ta lalace. Rahoton ƙwararru yakan jero dalilai da dama da suka haɗu, kuma manufarsa hana maimaituwar hatsari ce. Ɗora laifi aikin kotu ne, wadda ke da nata lokacin. Mutanen Njamena sun san haka: jirgin kamfanin UTA na Faransa da ya tashi daga birnin ranar 19 ga Satumban 1989 ya tarwatse a hamadar Tenere ta Nijar da mutum 170 sakamakon bam, amma sai a 1999 kotun Faris ta yanke wa 'yan Libiya shida hukunci a bayan idonsu.

Hoto ko bidiyon da aka turo maka, ka duba launin jirgin da rubutun jikinsa ko sun dace da kamfanin da aka ambata, domin tsofaffin hotuna kan dawo a kowane sabon hatsari. Jerin sunayen mamata kuma kada ka tura shi gaba sai kamfani ko hukuma ta fitar, saboda bai dace uwa ta ji rasuwar ɗanta daga wayar maƙwabci ba. Idan ka riga ka yaɗa abin da ya zama kuskure, ka koma zauren da ka tura shi ka gyara da sunanka. Sannan ka rubuta ranar hatsarin a wani wuri, bayan shekara ka nemi rahoton a shafin hukumar da ta yi binciken. Na BEA yakan fito da Faransanci, wanda da yawa daga cikinmu ke karantawa.