Kafin ka sauke bulo: kurakuran sayen fili da tsara gida a karkara

Yawancin filayen da ake saye a ƙauyukanmu bayan kaka ake sayensu, lokacin da aka sayar da riɗi da zoɓo, kuɗi ya zauna a hannu. A lokacin kuwa kowane fili kyakkyawa ne, ƙasa a bushe a shimfiɗe, dillali na nuna maka iyaka da sanda. Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya fi tsadar gyara, domin da damina ake sanin halin fili. In da hali ka jira watan Agusta, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa ya kwana da inda ya bi ya wuce.

In mai fili ba zai jira ka ba, ƙasar da kanta za ta ba ka labari. Baƙar ƙasa mai tsattsagewa da rani laka ce, tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, wannan motsin ne ke tsaga bango ko da siminti ya ji. Dubi katangun maƙwabta, in ka ga layin danshi ya hau su ko filasta na zubewa daga ƙasa, kai ma abin da ke jiran ka ke nan. Ka tona rami ko da zurfin ƙugu ne ka ga abin da ke ƙasa. Na ga gida sabo fil da ya nutse ta gefe guda cikin damina biyu, ashe tsohon kududdufi ne da aka cike da shara aka rufe da rairayi. Wanda ya sayar ya sani, maƙwabta ma sun sani, mai gidan ne bai tambaya ba.

Mutanen bakin kogin Haɗeja, daga Wudil zuwa Ringim, Auyo da Haɗeja, su ne wannan magana ta fi shafa. Ruwan da ke cin gida a can ba sai an yi shi a garinku ba, yana iya zuwa daga saman kogi in madatsun Tiga da Challawa sun cika, ga ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa. Ka sami dattijon unguwa ka ce masa, “Baba, a ambaliyar 2022 ina ruwa ya tsaya?” Inda ya nuna maka, daɓen ɗakinka ya ɗara nan. Fili a kan jigawa ya fi na bakin fadama kuɗi, amma araha ba ta ado.

Sai batun mai fili. A karkara da wuya ka sami filin da ba yankin gonar gado ba ne, kuma sau da yawa babban wa ne ke sayarwa shi kaɗai alhali ba a raba ba. Shekara uku kana cikin gini ƙanwarsa da ke aure a wani gari ta zo da hakkinta, kuma gaskiyarta ce. A fiƙihun Malikiyya ma wanda ke da tarayya a filin da ba a raba ba yana da damar shuf’a, wato ya biya kuɗin ya karɓe kason da aka sayar wa bare. Gyaran shi ne ka tabbatar an raba gadon, magada maza da mata sun sa hannu, mai unguwa da dagaci sun shaida, maƙwabtan kusurwa huɗu suna tsaye aka auna da tef aka kafa turakun siminti. Iyakar da aka ce “daga darbejiyar nan zuwa jiɓar can” rigima ce aka ajiye wa ’ya’ya.

Takardar dagaci shaidar ciniki ce, ka bi ta da ta hukuma. Dokar filaye ta Najeriya ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar izinin zama a fili bisa al’ada. A can ne kuma za ka ji ko filin ya hau burtali, ko gefen titin da za a faɗaɗa, ko ƙarƙashin babbar wayar wuta. Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa ka fasa.

Abin da ya fi damuna shi ne zane. Mutum zai ga hoton gidan Abuja a waya, ya miƙa wa birkila ya ce irin wannan nake so. A gina katafaren falo, ɗakuna kowane da banɗaki a ciki, a cinye fili ƙafa 50 da 100 kaf. Ranar tarewa sai tambayoyi su taso: ina baƙo namiji zai zauna ba tare da ya ratsa ta kan iyali ba? Ina za a ɗora tukunya a murhu, a yi daka, a shanya hatsi? Ina turken awaki, ina buhunan gero? Banɗaki huɗu na zamani kuma da wane ruwa, in daga tuƙa-tuƙar bakin masallaci ake ɗebowa? Zaure da tsakar gida ba don rashin wayewa kakanninmu suka yi su ba. Kafin a ja layi ɗaya, ka zauna da uwargida, ita ce za ta yini a gidan, ta fi ka sanin inda madafa ya kamata ta kasance don kada hayaƙi ya cika ɗaki. Ka bar wurin da za a ƙara ɗaki in yara sun girma ko tsohuwa ta dawo wajenka.

Ka kuma lura da rana da iska. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke fara lalacewa, kwanon da ba a ɗaure da kyau ba kuma ta nan iska ke yaye shi, don haka a ɗaure katakon rufi da ƙarfe a jikin linta. Babbar taga ta fuskanci kudu ko arewa, ta yamma tana mai da ɗaki tanda a watan Afrilu. A ɗaga gini sama, a sa silin, a yi tagogi masu kallon juna. Masai kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, sannan ramin shadda ya yi nesa da rijiya, taka da ta maƙwabci, mita 30 in fili ya ba da dama, kuma ya kasance ta gangare.

Kuskure na ƙarshe shi ne buɗe harsashin ɗaki takwas da kuɗin ɗaki uku. Ginin da ya tsaya a linta ba rufi, damina uku ta isa ta cinye shi. A zana gidan duka a takarda, amma a fara da katanga, zaure, ɗaki biyu da masai, a rufa su a shiga, sauran ya biyo bayan wata kakar.