Taransista da tirayak: inda masu koyo ke yawan ƙone kaya

Kusan duk mai koyon da ya tashi haɗa na'urar kunna fanka ko hitar injin ƙyanƙyasar ƙwai a nan Garwa, hanya ɗaya yake bi: Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ake sa wa furogiram), taransista BC547, tirayak BT136 (makunnin lantarki da ke kunna wutar gida da kashe ta), sai soket. Kuma wuri ɗaya suke tuntuɓe. Bakina ya gaji da maimaitawa a shago, gara in rubuta.

Babbar matsalar ita ce ɗaukar taransista a matsayin katanga tsakanin ƙaramar wuta da wutar gida. Tirayak ƙafa uku gare shi: MT1, MT2 da get. Wutar da ke tayar da shi tsakanin get da MT1 take bi, ita kuwa MT1 a kan wayar gida take zaune. To duk ranar da ka ce taransista ce za ta ba get wuta kai tsaye, dole ka ɗaure ɗaya daga cikin wayoyin volt 5 ɗinka a MT1. Daga nan Arduino, da kebul na USB, da duk abin da ke maƙale da su sun hau kan volt 220, wanda ƙololuwarsa ke kai 311.

Sai ka ji yaro ya ce, "Oga, ai a waya marar wuta na ɗaure." Wace waya marar wuta? Fulogin da muke da shi mai zagayayyun ƙafafu biyu ne, ta kowane gefe ka soka shi shiga yake. Yau daidai, gobe a juye. Wani yaron shagona ya taɓa jona laftof ɗina a irin wannan haɗi don ya gyara layi ɗaya a furogiram, alhali allon na kan wuta. Ƙara ɗaya muka ji, fas, sai wari. Ramin USB ya yi baƙi ƙirin, robar kebul ta narke ta manne a tebur, laftof bai sake buɗe ido ba, ga aikin mutane a ciki. Allah ya tsare ba hannunsa ne a kan ƙarfen ba. Tun daga ranar, allon da ba shi da opto, wato ɗan abin da ke miƙa umarni ta haske don wutar gida kada ta haɗu da ƙaramar wuta, ba ya hawa teburina, ko na ɗan wa ne.

Maganin ba shi da tsada. Bar taransista ta kunna ɗan fitilar da ke cikin opto, shi kuma opto ya taɓa get. Ƙafar opto ta 6 ta bi ta rezista ohm 330 zuwa MT2, ƙafa ta 4 ta je get. In kunnawa da kashewa kawai kake so, ɗauki opto MOC3063: miliamp 5 ya ishe shi, kuma yana jiran wuta ta sauko sifili kafin ya kunna. In rage haske ko gudun fanka ne, wannan jiran zai hana ka aiki. Mutane MOC3021 suke sa wa, ni dai na fi son MOC3052, don na farkon volt 400 yake ɗauka, na biyun 600, kuma wanda ya taɓa auna wutar janareta ya san dalili. Sannan ka kankare jan ƙarfen da ke ƙarƙashin opto tsaf. Me amfanin raba wuta a ciki in ka bar dalma ta haɗa ta a waje?

Kuskure na biyu ya shafi masu cewa akwatinsu na roba ne a rufe ruf, babu abin da hannu zai taɓa, don haka ba sa buƙatar opto. To, na yarda. Amma sai su ɗaure MT1 a mainos, su tura wa get fulos. Wutar gida tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma a rabin da MT2 ke komawa mainos, tirayak ba ya son get mai fulos. BT136 na gama-gari da miliamp 35 ke tayarwa, a wannan rabin sai ya nemi har 70. BTA16 mai BW ko CW a ƙarshen lambarsa kuwa ba ma ya tashi sam. Sai rabin wuta ta riƙa wucewa: ƙwan fitila ya dushe, fanka ta yi ta gurnani tana zafi, taransifoma ta ƙone. Sannan a zo min da cewa tirayak ɗin jabu ne. Haba malam! Juya haɗin: MT1 a fulos na volt 5, emitar taransista a mainos, kolektarta ta ja get ta rezista. Ni ohm 68 nake sa wa a nan, kilo ohm 1 a bes, ƙafar taransista ta uku. Get mai mainos yana tayar da tirayak a kowane rabi.

Sauran ƙanana ne. Kada ka sa BC547 tsakanin MT2 da get, volt 45 ne iyakarta. Kada ka kai tirayak kan batirin sola: in ya kunnu ba zai mutu ba, don wutar batir ba ta saukowa sifili, wannan aikin wata irin taransista ce da ake kira MOSFET. Ka riƙe tirayak rubutu na kallonka, ƙafafu a ƙasa: MT1, MT2, get, daga hagu zuwa dama. In ka musanya biyun farko ba zai yi maka biyayya ba.

Zafi ma ana raina shi. Tirayak na zubar da kusan wat 1 a kowane amp, ga Afrilun Garwa da Marwa da ke haura digiri 40 a inuwa. Sa masa farantin alminiyam, amma ka sani kunnen ƙarfen BT136 da na BTB16 a haɗe yake da MT2, wato farantin ma wuta ne. Na BTA16 ne aka raba.

In mota ce irin mai juya fanka ko famfon ruwa, ƙara rezista ohm 39 da kapasita nanofarad 10 mai alamar X2 a jere tsakanin MT1 da MT2, in ba haka ba tirayak zai riƙa kunna kansa. A ƙwan LED kuwa wannan haɗin kan sa ya yi ta ƙyaftawa bayan an kashe, sai ka cire shi. Gwajin farko kuma, jera tsohon ƙwan fitila mai zare na wat 60 a kan wayar shigowa. In akwai gajeren haɗi, ƙwan ne zai haska maimakon allo ya fashe.